Limami da fasto a ofishi ɗaya: zai yiwu a jami'o'inmu?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. An saka ni cikin wani kwamiti a jami'ar da nake koyarwa, aikinmu mu ba hukuma shawara kan gyaran sashen kula da harkokin ɗalibai. Akwai abin da nake son rubutawa, amma na ga ya dace in fara jin bakinku, tunda a nan akwai malamai, akwai fastoci, akwai iyaye, akwai kuma yaran da abin ya shafa.

Shawarar ita ce a buɗe ofishi guda a ƙarƙashin shugaban sashen, a zaunar da limami da fasto da fada, wato limamin Katolika, kowa da ɗakinsa, jami'a ta riƙa biyansu albashi kamar yadda take biyan likitan asibitin makaranta. Masallaci na nan inda yake, majami'a na nan inda take, ba mai taɓa ibadar wani. Aikinsu shi ne ɗalibin da aka yi wa rasuwa yana tsakiyar jarrabawa, da wanda aka kora ya rasa da wane ido zai kalli mahaifinsa, da yarinyar da wani malami ya matsa wa lamba, da abokan ɗakin da gardamar addini ta fara shiga tsakaninsu.

Ibada dai ba mu rasa ba. Ka shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ranar Juma'a ka ga sahu har waje, ka koma ranar Lahadi da safe ka ga cincirindon masu zuwa sujada. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS tana nan tun 1954, ta ɗalibai Kirista ta FCS tana nan tun da aka kafa ta a Gindiri a 1957. Abin da muka rasa shi ne shugabannin nan su san juna. A makarantu da yawa limami da fasto za su yi shekaru a haraba ɗaya ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba, sai ranar da aka fara jifa a kira su gaban 'yan jarida su gaisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ustaz Ɗahiru:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Na san niyyarka mai kyau ce, amma ni ban gamsu ba. Na yi amir na MSS a zamaninmu, na kuma halarci irin tarukan nan na fahimtar juna da ake yi a otal-otal. Ana farawa da zaman lafiya, kafin a tashi sai ka ji an ce a miƙe a riƙe hannu a yi addu'a ɗaya, wai ai duk hanya ɗaya ce. Mu a wurinmu ba hanya ɗaya ba ce, su ma Kiristan da ya san addininsa ba zai ce ɗaya ce ba. Lakum dinukum waliya din.

Abu na biyu ya fi damuna. Wanda zai zo wannan ofishi yaro ne da zuciyarsa ta karye. Ya zo neman limami bai same shi ba, ya tarar da fasto. Wa zai ba ni tabbacin ba za a yi amfani da rauninsa ba? Ku ma 'yan'uwa Kirista ku juya tambayar, idan 'yarku ce ta tarar da ni.

Bulus:
Ustaz, abin mamaki yau bakinmu ya zo ɗaya, sai dai dalilina daban ne. Malam Habu, kafin a yi maganar ofishi a fara maganar fili. Inda na yi karatu, har na gama a ɗakin lacca muke sujada. Ranar Lahadi da asuba mu kwashe kujeru mu share, mu ɗauko ganguna daga ɗakin wani ɗan'uwa, ƙarfe 12 mu mayar da komai kamar ba a yi ba. Takardar neman filin gina majami'a kuwa mun gaje ta daga na gabanmu, mun bar wa na bayanmu. Kuma kowa ya tuna ranar 29 ga Afrilu 2012, da 'yan bindiga suka afka wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, suka kashe mutane da dama har da farfesoshi biyu. Tun daga ranar duk wanda ke ibada a ɗakin lacca da kunne ɗaya a bakin ƙofa yake yinta. To in an ba fasto kujera da tebur, alhali garkensa ba su da wurin durƙusawa, me aka yi?

Nura:
Yaya Bulus gaskiya ka faɗa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ka tambayi 'yan'uwanmu da suka yi karatu a wasu makarantun kudu maso gabas. Akwai inda a bayan hostel suke shimfiɗa tabarma su yi jam'i, in ruwa ya sauko a watse. Ciwon iri ɗaya ne, wurin ne ya bambanta.

Bulus:
Na yarda Nura. Shi ya sa nake cewa a rubuta shi doka, ta hau kan kowa daga Sakkwato har Fatakwal. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin yin addininsa shi kaɗai ko cikin jama'a. Jami'ar gwamnati ba ta gari ɗaya ba ce.

Baba Soja:
'Ya'yana ku ba tsoho dama. Abin da Malam Habu ke faɗa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A rundunar sojan ƙasa sassa uku ne ke kula da addini: na harkokin Musulunci, na Katolika, da na Furotesta. Limaman da fastocin duk da kakinsu da igiyoyinsu, gwamnati ke biyansu. Na yi rayuwata a bariki, ban taɓa ganin an ce Musulmi ya shiga coci ko Kirista ya yi alwala ba. Amma in aka kawo labarin soja ya faɗi a fagen daga, da limami da fasto sukan san gidan da za a je, su san wa zai yi gaba wa zai tsaya a baya. In matar Musulma ce liman ya shiga, fasto ya tsaya da maza a waje yana karɓar gaisuwa. Ustaz, wannan ba cakuɗa addini ba ne, sanin ya kamata ne.

Ustaz Ɗahiru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma bariki akwai oda. Wanda ya ƙetare layi akwai gadirum. A jami'a wa zai tsawatar?

Rabaran Ishaya:
Salama gare ku duka. Na yi hidima a majami'ar wata makarantar gaba da sakandare kafin a mayar da ni ikilisiyar cikin gari, don haka bari in faɗi yadda aikin yake daga ciki.

Wa'azin Lahadi shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Wata rana da daddare motar ɗalibai ta yi haɗari a hanyar dawowa daga hutu. Mai gadi ya buga min ƙofa domin gidana ne kusa da get. Da na isa asibiti na tarar cikin waɗanda suka rasu akwai yaro Musulmi, a aljihunsa katin makaranta ne kawai da carbi. Na san a Musulunci ba a jinkirta jana'iza, amma ban san gidan liman ba. Sai da na tashi wani ɗalibi a hostel ya raka ni muka yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi a gidajen ma'aikata. Da muka same shi, shi ya kira mahaifin yaron, ni kuma na tsaya wajen takardun asibiti har aka ba da gawar da safe. Na bi su maƙabarta na tsaya daga gefe. Tun daga nan muka san juna, kuma abubuwa da yawa da za su iya zama fitina a tsakanin yaranmu a barandar gidansa suka mutu, muna shan shayi. Abin da ke damuna shi ne sai da aka yi mutuwa muka haɗu. Da ya bar makarantar, ni ma na bari, zumuncin ya tafi tare da mu, domin ba a rubuce yake ba. Abin da Malam Habu ke nema shi ne ya zama aikin kujerar, ko wa ya hau ta.

Ustaz, tsoron da ka faɗa gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Mu ma an umarce mu da yin bishara kamar yadda aka umarce ku da da'awa. Amma wanda ya zo maka da hawaye amana ce. Yara Musulmi sun sha zuwa wurina, wani lokaci don suna jin kunyar liman ya san sirrinsu. Nakan saurara, in ba da ruwa, in ce zo in raka ka wurin malaminku ko wurin likita. Duk faston da ya mai da kukan yaro tarko ya ci amanar Ubangijinsa. A rubuta haka cikin takardar ɗaukar aiki, wanda ya saɓa a sallame shi, ko fasto ko liman.

Ustaz Ɗahiru:
Rabaran na gode, kuma abin da ka yi wa gawar yaron nan Allah ya ga ni ma na ji shi har zuciya. Musulunci bai hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, aya ta 8 a Suratul Mumtahana a fili take. Matsalata da tsari ce. Kai mutumin kirki ne, wanda zai gaje ka fa?

Rabaran Ishaya:
Shi ya sa ake son tsari. Kuma bari in taɓo gidanmu kafin wani ya taɓo. A makarantunmu yanzu ƙungiyoyin zumunta sun yi yawa, kusan kowace coci ta cikin gari tana da reshe a wani aji. Yaro ɗan aji biyu ana kiransa Papa, yana ɗora wa 'yan'uwansa azumi a makon jarrabawa, yana karɓar baiko ba mai bincike. Su gayyato mai wa'azi daga waje, faston makaranta bai sani ba sai ya ji lasifika. Wannan shi ne ƙofar da wuta ta fi shigowa.

Malam Habu:
Rabaran ka taɓo inda nake so. Mu tuna Kafanchan, watan Maris na 1987. A Kwalejin Ilimi abin ya fara, a taron ɗalibai Kirista, inda aka gayyato mai wa'azin da ya bar Musulunci, ɗalibai Musulmi suka ce ya taɓa Alƙur'ani da Manzon Allah (SAW). Daga faɗan ɗalibai ya fita gari, aka kashe mutane aka ƙona masallatai a Kafanchan, cikin 'yan kwanaki ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, wadda lokacin tana cikin jihar Kaduna, aka ƙona coci-coci fiye da 100. Har gwamnatin Babangida ta kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Mutanen da suka rasa rayuka da dukiya a Funtuwa ba su da hannu a taron da aka yi a Kafanchan. Da a ce akwai wanda ya ga sunan baƙon da jigon wa'azin tun mako guda kafin ranar, ya ɗauki ƙafa ya je wurin takwaransa suka yi magana, wataƙila da labarin ya sha bamban.

Ga kuma misalin da ya ƙare da sauƙi. A Jami'ar Ibadan a 1986 an yi takaddama kan gicciyen majami'ar makaranta, Musulmi suka ce yana gabansu idan sun fuskanci alƙibla. An kai ruwa rana, amma a ƙarshe katanga aka gina ta kare shi daga idon masu salla. Gicciye na nan, masallaci na nan. Bulo da siminti suka kashe wutar, domin an samu waɗanda suka zauna suka tambayi juna ainihin abin da ke damun kowa.

Ladi:
Ina wuni iyayena. Ni ɗaliba ce, ina ajin ƙarshe, ku yi haƙuri in sa baki. A ɗakinmu mu shida ne, uku Musulmi uku Kirista, ba mu muka zaɓi juna ba. Da azumi in Hauwa ta makara nakan tashe ta sahur, ita kuma ranar Lahadi takan ɗebo min ruwa kafin famfo ya ɗauke don ta san ina sujada. Ta san ba na so a ɗora kaya kan Littafi Mai Tsarki, na san ba a tsallake dadduma da takalmi. Ba wanda ya koya mana, zama ne.

Inda abin ke lalacewa shi ne zauren WhatsApp na aji. Wani ya turo wa'azi, wani ya ce nan ba coci ba ne, wani ya turo nasa, a fara habaici. Tun abin da ya faru da Deborah, ɗalibar da aka kashe kan zargin ɓatanci ga Annabi a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022, wanda shi ma daga zauren aji ya taso, duk lokacin da na ga an fara irin wannan gabana faɗuwa yake yi. Shugaban ajinmu yaro ne kamarmu, me zai iya? Masu gadi kuwa sai an fara gudu suke sani. Ni dai abin da nake so shi ne a samu babban da za mu iya zuwa wurinsa tun maganar tana cikin waya, wanda yaran MSS za su ji nauyinsa, da wanda yaranmu za su ji nauyinsa, kuma su biyun su yarda da juna.

Ustaz Ɗahiru:
Ladi 'yata, Allah ya yi miki albarka ke da abokan zamanki. Bari in faɗa a fili don kada a yi min fassara. Taɓa mutuncin Annabi (SAW) abu ne da babu Musulmin da zai ɗauka da sauƙi, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san haka tun ranar da ya shigo. Amma hukunci na hukuma ne da kotu. Taron jama'a da duwatsu ba shari'a ba ne, fadar Sarkin Musulmi ma ta fito ta yi tir da kisan a lokacin. Kuma an hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, aya ta 108 a Suratul An'am. Laifinmu mu masu wa'azi shi ne muna karantar da yara kishin addini, ba mu cika zama mu karantar da su abin da za su yi a minti goma na farko idan ransu ya ɓaci ba. A wannan gaɓar ina tare da ke.

Maman Ummi:
Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin wata jami'a, kuma duk maganar da kuke yi ta rikici ce, wanda sau ɗaya yake zuwa a shekaru. Ni abin da nake gani kullum daban ne.

Za a kawo yarinya ta daina cin abinci, ta daina wanka, tana kwana zaune. Kafin ta iso wurinmu an yi mata ruƙiyya na makonni a masallacin mata, ko an kwana ana yi mata addu'ar korar aljanu a wani aji. Ni Musulma ce, na yarda da ruƙiyya, ban raina addu'ar kowa ba. Amma wata ciwon damuwa ne mai tsanani da ke buƙatar likita, wata kuma fyaɗe aka yi mata ta rasa wanda za ta gaya wa, wata ƙwaya ce. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da Dawanau da Kware da Maiduguri, amma in na ce wa uwa a kai 'yarta can sai ta ce ina kiran 'yarta mahaukaciya. In liman ne ya ce mata Hajiya mu haɗa da asibiti, addu'a na tafiya magani na tafiya, nan take take yarda. Bakinsu ya fi namu nauyi, shi ya sa nake so a koya musu gane alamomin.

Sannan Malam Habu, cikin mutum ukun da ka lissafa babu mace. Yarinyar da malami ya ce sai ta same shi a otal kafin ta ci kwas ɗinsa ba za ta zauna gaban liman ta faɗa ba, ba za ta faɗa wa fada ba. A sa malama, a sa mace daga ɓangaren Kirista.

Malam Habu:
Hajiya wannan ya shiga takarda yanzun nan.

Dakta Amina:
Gaisuwa daga Amurka. A nan tsarin ya daɗe. Jami'ar Georgetown da ke Washington ta 'yan Katolika ce, amma tun 1999 ta ɗauki Imam Yahya Hendi aiki na cikakken lokaci domin ɗalibanta Musulmi, yana aiki tare da fada da fasto da malamin Yahudawa a sashe ɗaya. Abin da ya fi burge ni a irin waɗannan ofisoshi shi ne horon. Ilimin addini kaɗai ba ya isa a ɗauke ka. Sai ka koyi sauraro, ka koyi riƙe sirri, ka san lokacin da dole ka miƙa yaro ga likita ko hukuma, misali in ya ce zai kashe kansa.

Amma kada mu kwafo komai. A nan matsalarsu yara da yawa sun bar addini, ofishin yana neman su ne. Mu kuwa masallaci da coci a cike suke, matsalarmu zafin kai da rashin mai saurare. Kuma a wasu wuraren nan ɗaki ɗaya ake warewa kowa ya yi ibadarsa bi da bi. Wannan ba zai karɓu a gida ba, kada ma a fara.

Ustaz Ɗahiru:
Dakta kin taimake ni. To ga tambayar da ba wanda ya taɓa. Wa zai zaɓi limamin? Ku da kuke ganin Musulmi abu ɗaya ne, ku shiga kwamitin masallacin kowace jami'a ku gani. In aka ɗauko ɗan Izala 'yan ɗariƙa su ce an ƙwace masallaci, in aka ɗauko ɗan ɗariƙa waɗancan su ƙaurace. Kuma wanda ke biyanka shi ke da bakinka. Ranar da aka ƙara kuɗin makaranta, ko aka shiga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, shugaban jami'a zai kira liman ya ce a yi huɗuba kan biyayya ga shugabanni. Limamin da albashinsa ke hannun hukuma zai iya cewa a'a?

Rabaran Ishaya:
Mu ma haka. Katolika suna da nasu tsarin, bishop ke turo fada. Amma tsakanin ECWA da COCIN da Angalika da Baptis da sababbin coci-coci, zaɓen fasto ɗaya aiki ne.

Bulus:
Kuma wani zai kai ƙara ya ce sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, don me za a biya malaman addini da kuɗin jama'a.

Baba Soja:
Bulus, ai mu an daɗe ana biya, ba a ce an karya doka ba. Abin da aka hana shi ne fifita ɗaya.

Malam Habu:
Ustaz, tambayarka ta fi kowace wuya, kuma ta sa na sake tunani kan fasalin. A raba mumbari da ofishi. Limamin Juma'a ya ci gaba da zama na jama'ar masallaci, su zaɓe shi su sauke shi, hukuma ba ruwanta da huɗubarsa. Haka faston da ke wa'azin Lahadi. Wanda jami'a za ta ɗauka mai kula da ɗalibai ne, kwamitin masallaci ya kawo sunaye uku, na majami'a ya kawo uku, a yi musu ganawa kamar kowane ma'aikaci. Sharaɗinsa ɗan Tijjaniyya da ɗan Izala da ɗan Shi'a duk su iya ƙwanƙwasa ƙofarsa ba tare da an tambaye su aƙida ba.

Kuma muna da waɗanda za su horar da su a gida. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna, a rikicin addini na 1992 suna gaba da juna, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Daga 1995 suka fara aiki tare, suka kafa cibiyar sasanci, har suka shiga tsakani a rikicin Yelwa da Shendam a jihar Filato. Har yau ɗaya limami ne ɗaya fasto ne, ba wanda ya sassauta aƙidarsa. Irin wannan nake nufi.

Nura:
Malam, a ƙara da maganar jadawali. Wani malami ya sa gwaji ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, wani ya sa lacca ranar Lahadi da safe ya ce wanda bai zo ba ya faɗi. Mu ɗalibai ba mu isa mu yi magana ba. Da lasifika kuma, ta kowane ɓangare, a makon jarrabawa kusa da ɗakin karatu.

Ladi:
Da yunwa, Yaya Nura. Tun da kuɗin makaranta da na abinci suka tashi, akwai masu wuni da garin kwaki. Da azumi MSS na raba buɗa-baki, mu ma muna da asusun taimako a majami'a, amma kowa nasa ya sani. Akwai yaran da ba sa zuwa ko ɗaya, su ba wanda ya san da su.

Malam Habu:
Waɗannan yaran ma na ofishin ne, Ladi. Wanda ba ya zuwa masallaci ko coci shi ma ɗan wani ne.

Ustaz Ɗahiru:
In an raba mumbari da ofishi, rabin damuwata ta tafi. Saura biyu, kuma ba zan janye su ba. Na farko, babu addu'ar haɗin gwiwa. In taro ne, Musulmi ya buɗe da tasa Kirista ya rufe da tasa kamar yadda aka saba, kowa ya yi shiru don girmama ɗan'uwansa. Na biyu, tantance mai wa'azin waje. Ban yarda fasto ya sa hannu kan wanda zai yi wa'azi a masallaci ba, kuma ban nemi liman ya sa hannu kan na coci ba. Kowa ya tantance nasa, ya sanar da ɗan'uwansa suna da rana.

Rabaran Ishaya:
Na karɓi duka biyun. Sai dai in ƙara: idan taron a fili ne da lasifika, inda kunnen kowa zai ji, ɗaya ɓangaren yana da ikon ya ce ga abin da nake tsoro, a zauna kafin ranar. Manzo Bulus ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar iyawarku, ku yi zaman lafiya da kowa. Iyawarmu ta kai nan.

Ustaz Ɗahiru:
Ya faɗi tsoronsa, a saurare shi. Amma hanawa ta shugaban sashen ce, ba ta takwara ba. Kuma har yanzu na fi son ɗakin liman ya kasance jikin masallaci, na fasto jikin majami'a, su riƙa haɗuwa duk mako. Rufi ɗaya bai kwanta min ba.

Maman Ummi:
Ustaz, yarinyar da ta yi cikin shege ba za ta bi ta gaban masallaci kowa na kallonta ba. A sa ɗakunan kusa da asibiti, inda kowa ke shiga ba a san abin da ya kawo shi ba.

Ustaz Ɗahiru:
Wannan hujja ce Hajiya. A ba ni kwana biyu in tuntuɓi malamaina a kanta.

Bulus:
Ni kuma ina nan kan bakata. Malam Habu, in maganar filin ibada ga kowane ɓangare ba ta cikin takardar, kada ka sa ran yaranmu za su ɗauki ofishin da muhimmanci.

Malam Habu:
Za ta shiga, a shafin farko, da sunan ɓangarorin biyu. Ban yi alkawarin majalisar jami'a za ta amince ba, amma za su karanta. Rabaran, ina roƙon ka rubuto min sharuɗɗan riƙe sirri yadda ka yi aiki da su. Ustaz, kai kuma na tantance baƙi. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis.

Maman Ummi:
Kuma matan nan biyu a rubuta su da albashi da matakin aiki daidai da mazan. Kada a ce matar liman da matar fasto za su riƙa taimakawa don Allah.